Sawun da Kompaila Ke Bari

Masu aikin GCC suna ƙirga matakan shekararsu da wata ƙirga mai ɗaure wa baƙo kai: mataki na ɗaya, na uku, na huɗu. Na biyu ya taɓa kasancewa, amma tun lokacin da ake shirya bugu na 4.4 aka watsar da shi, aka bar wa sauran lambobinsu. GCC kompaila ce, wato manhajar da ke karɓar abin da mutum ya rubuta da harshen C ko C++ ko Fortran, ta fassara shi zuwa umarnin da injin kwamfuta ke iya bi. Richard Stallman ya fitar da bugunta na farko a watan Maris na 1987, kuma a yau da ita ake gina galibin manhajojin da ke cikin tsarin Linux. Tun daga 2015, kowace shekara tsakanin ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, sabon babban bugu yana fitowa.

Mataki na ɗaya yana farawa a Afrilu, ya kai tsakiyar Nuwamba, kuma a cikinsa ne kowa ke shuka abin da yake so: sabuwar dabara, sabon nau'in inji, sake fasalin wani sashe. A mataki na uku, daga Nuwamba zuwa farkon Janairu, gyaran kurakurai kaɗai ake karɓa. A na huɗu ƙofa ta ƙara tsukewa, ba abin da ke shiga sai gyaran koma-baya da gyaran littafin bayani. Koma-baya a bakinsu shi ne abin da bugun baya ke yi daidai, sabon kuma ya kasa. Ana ba kowane koma-baya daraja daga P1 zuwa P5, kuma masu jagorancin fitar da bugu, wato Richard Biener da Jakub Jelinek da Joseph Myers, sukan aika da rahoto mai ɗauke da adadin kowane rukuni. Ba a yanke reshen sabon bugu sai adadin P1 ya sauka zuwa sifili. Wani a gyara shi, wani kuma a auna shi a ga bai kai ya tsare duniya ba, a rage masa daraja a ɗaga shi zuwa gaba. Wanda ya zo da kyakkyawan tunani a watan Fabrairu sai a ce ya jira Afrilu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin wannan tsanani shi ne kuskuren kompaila ba ya tsayawa a jikinta. Duk abin da aka gina da ita yana iya gadonsa, mai manhajar kuma ya yi ta duban rubutunsa bai ga aibu ba. Masu aikin sun taɓa ganin abin da gaggawa ke haifarwa. A shekara ta 2000 kamfanin Red Hat ya saka wata GCC mai lamba 2.96 a cikin Red Hat Linux 7.0, alhali ba bugu ba ce, hoton aikin da ake tsakiyar yi ne. Abin da ta gina da C++ bai dace da na 2.95.2 da ke gabanta ba, bai kuma dace da na 3.0 da ta biyo baya a 2001 ba. Sai da kwamitin GCC ya fitar da sanarwa a watan Oktoba na wannan shekara cewa babu wani bugu nasu mai wannan lamba.

Akwai kuma jarrabawar da kompaila ke yi wa kanta. Da yake ita ma rubutu ce da ke buƙatar fassara, sai a sa tsohuwar kompailar da ke kan injin ta gina sabuwar. Wannan uwa ce. Uwar ta sake gina rubutun nan dai, ta haifi ƴa, ƴar kuma ta gina shi, ta haifi jika. Daga nan a ɗora ƴa a kan jika, fayil bisa fayil. Tushensu ɗaya, dabarar da ta fassara su ɗaya, saboda haka dole su zama abu ɗaya. In aka sami bambanci, ginin ya tsaya nan take, domin kompailar ta fassara kanta ba daidai ba.

Duk wannan aiki na wasu ƴan ɗaruruwan mutane ne, amma ƙurarsa tana kaiwa ga dubbai da ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya a cikin GCC ba. Daga cikinsu akwai wani mutum da ya gāji wata ƙaramar manhaja ta harshen C mai karanta wani tsohon nau'in fayil. Wani dattijo ne ya rubuta ta a shekarun 1990, ya riƙe ta har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya miƙa ta. Magajin ba ya samun ko sisi a kanta. Da dare yake duba ta, bayan ya taso daga aikin da ke ciyar da shi, kuma bai san yawan masu amfani da ita ba sai ranar da ta lalace.

A watan Janairu masu haɗa Fedora sukan sake gina dukan manhajojinsu da GCC ɗin da ba ta riga ta fito ba, kuma wannan yana daga manyan gwaje-gwajen da sabon bugu ke fuskanta. A Janairun 2024, ana tsakiyar mataki na huɗu na GCC 14, saƙo ya iso wa magajin cewa manhajarsa ta ƙi ginuwa. Matsalar farko ba ta da wuya. Tsohon harshen C ya yarda mutum ya kira wani aiki ba tare da ya gabatar da shi tukuna ba, kompaila ta yi hasashen siffarsa. Ƙa'idar C ta 1999 ta soke wannan sassauci, amma GCC ta ci gaba da yin gargaɗi kawai har kusan shekara 25. A bugu na 14 gargaɗin ya zama hani. Magajin ya ƙara layukan gabatarwa guda huɗu, manhajar ta ginu.

Matsala ta biyu ce ta hana shi barci. Cikin gwaje-gwajen da dattijon ya bari akwai wani gurɓataccen fayil da ya ƙirƙira da gangan, wanda ya kamata manhajar ta ƙi karɓa. Da GCC 13 tana ƙin sa. Da sabuwar kuwa, in an ce ta tace aikin don ya yi sauri, wato da umarnin -O2, sai manhajar ta karɓi fayil ɗin ta faɗi warwas. Ga dukan alamu wannan koma-baya ne, kuma irin mafi muni, wanda kompaila ke fitar da umarni marar daidai ba tare da ta ce uffan ba. In haka ne, wajibi ne ya kai rahoto kafin Afrilu, don irin wannan yana iya zama P1. In kuma laifin yana cikin rubutun da ya gāda, to rahotonsa zai cinye lokacin mutanen da ba su da rarar lokaci, sannan akwai wata ɓaraka a manhajarsa da mugu zai iya shiga ta cikinta da fayil ɗin ƙarya. Ko ta wane gefe, zato ba zai wadatar ba. Yana buƙatar shaida.

A nan kalmar aikin ta cancanci ɗan tsayawa. Turawa suna kiran kuskuren inji da sunan ƙwaro, kuma Thomas Edison ya yi amfani da kalmar da wannan ma'ana tun shekarun 1870. Ranar 9 ga Satumba 1947 masu aiki da kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard suka ciro ƙwaron nan faɗa-wuta daga cikin injin, suka manna shi a littafin aiki, abin ya zama abin dariya domin a wannan karon ƙwaron na gaske ne. Daga wannan kalma aka sami dibaga, wato mai cire ƙwari. Sai dai dibaga ba ta cire komai. Abin da take yi shi ne ta tsayar da manhaja tana cikin gudu, ta nuna inda take, ta inda ta biyo, da abin da take riƙe da shi. Sunan da ya fi dacewa da ita a Hausa shi ne mai bin sawu, irin wanda ake kira in an kore shanu da dare, ya duƙa a kan rairayi ya ce nan suka bi.

Mai bin sawu kuwa ba ta da abin karantawa sai abin da kompaila ta bari. Inji bai san sunayen da mutum ya raɗa wa ƙimominsa ba, bai san layi na 212 ba, lambobi kawai ya sani. In aka ba kompaila umarnin -g, sai ta rubuta wani bayani a gefe: wannan umarni daga layi kaza ya fito, ƙima mai suna kaza tana aljihu kaza na injin daga nan zuwa nan. Tsarin wannan bayani sunansa DWARF, ma'ana wada, kuma an raɗa masa sunan ne don ya yi abota da tsarin fayil na ELF, wanda sunansa ke nufin wani ɗan aljani na tatsuniyoyin Turai. Matsalar ita ce tacewa tana share sawu kamar iskar hunturu. Kompaila takan ɗauke ƙaramin aiki ta zuba shi cikin babba, ta sauya jerin layuka, ta zubar da ƙimar da ta gama amfani. Mai bin sawu ta zo ta tarar da wuri a share.

Saboda haka shirya bugun kompaila da zaɓen mai bin sawu igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Masu GCC suna da doka cewa umarnin -g ba zai canza ko ƙwayar umarni ɗaya a abin da aka gina ba, in ba haka ba mutum zai bi sawun wata manhaja daban da wadda ta faɗi. Don tabbatar da haka, a jarrabawar nan ta uwa da ƴa da jika, ana gina ƴa ba tare da bayanin sawu ba, a gina jika da shi, a cire bayanin sannan a gwada su. Cikin gwaje-gwajen GCC kuma akwai wani rukuni da ke tayar da GDB kanta, ya tambaye ta ƙimomin manhajar da aka tace, ya duba ko amsar daidai ce. Lokacin da GCC 11 ta koma rubuta DWARF na 5 a 2021, sai da sauran kayan aiki suka koyi karanta shi. Valgrind ta fitar da bugu na 3.17 mai wannan iyawa a watan Maris na shekarar, ƴan makonni kafin kompailar ta fito.

Magajin ya jera abin da ke hannunsa. Hanya mafi tsufa ita ce mutum ya cusa layukan da ke buga ƙimomi a allo, ya karanta. Ya san haɗarinta: ƙarin layi yana canza shawarar da kompaila ke yankewa, kuskuren ya ɓuya. Haka ma in ya kashe tacewa gaba ɗaya, ko ya yi amfani da -Og, matsakaiciyar tacewar da GCC 4.8 ta kawo a 2013 don masu bin sawu. Ya gwada duka biyun, manhajar ta ƙi fayil ɗin lafiya lau. Dole ya bi sawun a inda iska ta fi kaɗawa. Ya sa Valgrind, wadda Julian Seward ya fitar a 2002, mai gudanar da manhaja a hankali, sau goma ko fiye ƙasa da saurinta, tana lura da kowace taɓawar ma'adana. Ta gaya masa cewa manhajar ta kai hannu can nesa da gonarta. Gaskiya ne, amma wannan ya riga ya sani. Tambayarsa ita ce wa ya buɗe mata ƙofa.

Saura manya biyu. LLDB ta fito daga gidan LLVM, aikin da Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois a 2000, kuma tun da Xcode 5 ta fito a 2013 ita kaɗai kamfanin Apple ke bayarwa. Magajin ya saba da ita a wurin aikinsa, hannunsa ya san umarninta, tana kuma karanta DWARF a kan Linux. GDB kuwa Stallman ya fara rubuta ta a 1986, ta girma kafaɗa da kafaɗa da GCC. Sabo yana jan sa zuwa ta farko. Abubuwa biyu suka rinjaye shi zuwa ta biyu. Na ɗaya, kompailar da yake tuhuma ba ta riga ta fito ba, kuma da GDB ake gwada sawunta kullum. In zai kai ƙara, gara ya je da shaidar da alƙalan suka san harshenta, wadda za su iya maimaita tambayarta a kan injinsu. Na biyu shi ne rr, wadda aka ƙirƙira a Mozilla aka fitar a 2014. Ita tana naɗe gudun manhaja sau ɗaya, sannan ta bar mutum ya sake kunna shi gaba ko baya yadda ya so, kuma da GDB aka gina mu'amalarta tun farko.

Ya gina manhajar da -O2 da -g tare, ya naɗe faɗuwar, ya buɗe ta. GDB ta nuna masa jerin kiraye-kirayen da suka kai ga wurin: aikin kwafe bayanai ne ya faɗi, wanda aikin karanta kan fayil ya kira. Ya tambayi ƙimomi biyu da fayil ɗin ya zo da su, wato mafarin bayanan da tsawonsu. Ta amsa cewa an tace su, aljihun da suke ciki an zuba wani abu. A nan ne rr ta biya kuɗinta. Ya taka da baya, umarni bayan umarni, har zuwa lokacin da ƙimomin suke nan daram: mafari 2,147,483,000, tsawo 1,000. Lamba mafi girma da gurbin lamba mai alama na bit 32 ke iya ɗauka ita ce 2,147,483,647. Jimillar biyun ta haura ta. A kan injin, irin wannan jimilla takan zagayo ta koma lamba ta ƙasa da sifili, kuma dattijon ya san haka, shi ya sa ya rubuta layin tsaro: in jimilla ta fi mafari ƙanƙanta, a ƙi fayil ɗin. Magajin ya ɗana tarko a wannan layi. GDB ta ɗana shi a wani layi na gaba. Ya ce ta nuna masa umarnin injin tare da layukan da suka haife su, sai ya ga a ƙarƙashin layin tsaron babu komai.

Kompailar ta share mai gadin. Abin da ya rage shi ne ko tana da hurumin yin haka. Ƙa'idar C ta ce in lissafin lamba mai alama ya haura iyaka, harshen bai yi alkawarin komai ba, don haka kompaila tana da izinin ɗauka cewa hakan ba zai taɓa faruwa ba. Wani layi na sama ya riga ya kori duk tsawon da ke ƙasa da sifili. In ka ƙara abin da ba ya ƙasa da sifili a kan lamba, kuma ba a haura iyaka, jimilla ba za ta fi mafari ƙanƙanta ba har abada. Gwajin da amsarsa a'a ce kullum ba shi da amfani, sai ta zubar. A da, tarawar tana cikin wani ƙaramin aiki dabam, gwajin kuma a wani, kompaila ba ta gan su tare ba. Ma'aunin da take yanke shawarar haɗe ayyuka da shi yana canzawa daga bugu zuwa bugu, a wannan karon ta haɗe su, ta ga abin da ta gani.

Jagorar kai rahoto ta GCC tana roƙon mutum ya yi wasu gwaje-gwaje kafin ya ɗora wa kompaila laifi, magajin kuma ya yi su. Da umarnin -fwrapv, wanda ke tilasta wa kompaila ta yarda da zagayowar lamba, matsalar ta ɓace. Da -fsanitize=undefined, wanda GCC ke da shi tun bugu na 4.9, manhajar da kanta ta ambaci layin tarawar da lambobin biyu. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba daga rijiyar da aka zata tsamin ya fito ba. Bai kai rahoto ba. Ya sake rubuta mai gadin ta yadda zai yi tambayar kafin a tara: shin tsawo ya fi abin da ya rage tsakanin mafari da iyaka? Ya binciki sauran rubutun ya sami wurare biyu masu irin wannan gini, ya gyara su, ya fitar da nasa ɗan ƙaramin bugu, ya sanar da masu haɗa Linux cewa gyaran na tsaro ne. Ya kuma rubuta wa dattijon, cikin ladabin da ake yi wa wanda ya riga ka, ya gaya masa cewa gurɓataccen fayil ɗin da ya ajiye kusan shekara 30 da suka wuce shi ne ya kama ɓarakar. Dattijon ya amsa cewa duk injin da ya taɓa riƙewa a zamaninsa haka yake zagayowa, kuma ya ji daɗi da ba a goge gwajin ba.

A ƙarshen Afrilu adadin P1 ya sauka zuwa sifili, aka yanke reshe, aka fitar da bugun share fage don a yi masa duban ƙarshe na kimanin mako guda. Ranar 7 ga Mayu 2024 GCC 14.1 ta fito. Lambar farko ta kowane bugu 1 ce, domin sifili na watannin aiki ne. Tun ranar da aka yanke reshen aka buɗe mataki na ɗaya na GCC 15, masu jiran Afrilu suka shigo da kayansu. A cikin wannan sabon zagaye ne aka mayar da ƙa'idar C23 ta zama wadda ake bi in ba a ce komai ba, kuma a cikinta bool da true da false sun zama kalmomin harshen kansa, ba wanda zai sake raɗa wa abinsa waɗannan sunaye. A fayil na farko na manhajar da magajin ke riƙe da ita, dattijon ya ƙirƙiri nasa bool tun kafin harshen C ya sami irinsa. Wannan shi ne aikin Janairu mai zuwa.